Kafin Ka Sa Hannu: Yadda Ake Tantance Takardar Dila In Za Ka Karɓi Sabuwar Jif Ka Biya Kashi-Kashi

Ni mutumin Dagona ne, a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, tsakanin Gashuwa da Nguru. Mahaifina falken shanu ne. Tun kafin a haife ni yake haɗa kaya daga kasuwannin Nguru, Garin Alkali da Fataskum yana saukewa a Kudu, wani zubin Akinyele a Ibadan, wani zubin Kara da ke bakin Legas. Ni ne na yi sakandare a gidanmu, saboda haka duk wata takarda mai Turanci ni ake miƙo wa.

Bayan babbar sallah Baba ya ce tsohuwar motarsa ta gaji, jif yake so, sabuwa dal, wadda za ta iya da yashin hanyarmu da taɓon damina. Muka je wurin wani dilan motoci a Legas. Aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo ruwan sanyi, sannan wani ma'aikacinsu mai jin Hausa ya ce: "Alhaji, ba sai ka taɓa jarinka ba. Ka ba da kashi 30 cikin 100 kawai, ka ɗauki makulli, sauran kana biya a hankali." Ya ba mu takarda shafi biyu. Kwana uku na yi ina fama da ita da kalkuleta, ina tambayar waɗanda suka fi ni sani. Abin da na fahimta shi na tattara a nan, don na san akwai 'yan uwa a Agege, Mile 12, Sabon Ibadan, Sabon Shagamu, Ama Hausa ta Owerri da Lokpanta da ake miƙa wa irin wannan takarda.

Alƙaluman da za ku gani na dunƙule su ne don lissafi ya yi sauƙi. Farashin mota yana canzawa kullum, amma hanyar lissafin ba ta canzawa.

Da farko, wane irin ciniki ne?

Tambayar farko ba "nawa ne a wata" ba ce. Tambayar farko ita ce: motar ta wa ce daga ranar da na karɓi makulli zuwa ranar da na gama biya? Hanyoyin da aka fi bi guda huɗu ne, kuma kowace da hukuncinta.

Ta ɗaya, hayar da ake mayar da mota. Kana biyan kuɗin amfani ne na shekara biyu ko uku, in wa'adi ya cika ka mayar musu da kayansu. Kuɗin watanta ya fi sauƙi, amma ƙarshenta ba ka da ko taya. Kamfanoni ne suka fi yin wannan.

Ta biyu, hayar da ke ƙarewa da mallaka. Motar tana nan da sunan kamfanin har ka kammala, sannan a mayar da ita sunanka, sau da yawa bayan ka biya wani kuɗi na ƙarshe. Irin tsarin da 'yan Keke Napep suka sani ne, sai dai nan kuɗin ya fi kauri.

Ta uku, bashin banki. Banki ya biya dila, kai kuma kana biyan banki da kuɗin ruwa, motar tana matsayin jingina.

Ta huɗu, tsarin bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019 da Lotus a 2021. Su kuma suna yin murabaha, wato banki ya sayi motar ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ko ijara, wato ya ba ka haya daga baya ya mallaka maka.

Ma'aikacin dila zai iya kiran duk huɗun "biya a hankali". Kada ka yarda da bakinsa, ka sa a nuna maka sunan yarjejeniyar a rubuce, da sunan wanda zai ba da kuɗin. Sau da yawa dila mota kawai yake sayarwa, mai bin ka bashi wani kamfani ne daban da ba ka taɓa ganin ofishinsa ba. Takardarmu ta nau'i na biyu ce.

Alƙaluma biyar da dole su fito fili

Duk takardar da ba ta nuna waɗannan ba, ba ta cika ba:

1. Farashin motar in za a biya nan take.
2. Kafin alƙalami, wato abin da za ka ajiye da farko.
3. Kuɗin wata, da yawan watannin.
4. Kuɗin ƙarshe kafin a mallaka maka.
5. Jimillar duk abin da zai fita daga aljihunka daga farko har ƙarshe.

Na biyar ɗin shi ne ba a cika rubutawa ba. Kai za ka haɗa abinka. Sannan ka fara yin ciniki a kan na ɗaya kafin ka nuna cewa biya kashi-kashi kake so. A kara ma ai ba a fara maganar ranar biya sai an yi tayi an sallama. In ka bari aka ɗora lissafi a kan farashin da ba ka taya ba, ka yi asara sau biyu: a kan farashin, da kuma ribar da aka ɗora a kansa.

Yadda tamu ta kasance

Farashin jif ɗin nan take naira miliyan 60. Kafin alƙalami kashi 30 cikin 100, wato miliyan 18. Saura miliyan 42, a biya cikin wata 36, kowane wata naira 1,866,667. Wannan shi ne ke saman takardar da manyan baƙaƙe. A shafi na biyu kuma, da ƙananan rubutu, ga abin da na tarar:

Kuɗin gudanarwa, kashi 1 cikin 100 na bashin: 420,000
Kuɗin duba takardu, shi ma kashi 1: 420,000
Kuɗin lauya: 300,000
Na'urar bibiyar mota, wato tiraka: 200,000
Harajin VAT a kan waɗannan huɗun: 100,500
Cikakkiyar inshora, miliyan 3 duk shekara: 9,000,000
Rajista da lamba: 250,000
Kai mota Gashuwa: 400,000
Kuɗin mayar da suna a ƙarshe: 600,000

Da na haɗa da kafin alƙalami da kuɗin wata 36, wanda ya kama miliyan 67.2, sai jimilla ta tashi naira 96,890,500. Motar miliyan 60 ke nan. Kuma "kashi 30 kawai" da aka ce, ranar ɗaukar makulli ba miliyan 18 za mu ajiye ba, naira 23,090,500 ce, don kuɗaɗen nan da inshorar shekarar farko duk a gaba ake biyansu.

Da na karanta wa Baba bai ce komai ba, sai na juya masa shi da yarensa. Na ce: "Baba, a ce kowane sa miliyan ɗaya ne. Motar sa 60 ce in ka biya yau. In ka bi wannan takarda, sa 97 za ka bayar." Ya ɗan yi shiru ya ce: "Wato tirela guda za ta tafi a banza." Na ce ba a banza ba, kuɗin jira ne. Ya ce: "To jiran nan ya yi tsada."

Kashi 20 ɗin da ba kashi 20 ba

Wannan shi ne wurin da ya fi cin mutane, don haka zan ɗan tsaya a kansa.

An rubuta mana riba kashi 20 cikin 100 a shekara. A lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, wanda ya ce maka zai ba ka kuɗi a kan 20 sai ka ga kamar alheri ya yi maka. Amma hanyar lissafi biyu ce.

Akwai lissafin dunƙule, wanda suke cewa fulat. Ana ɗaukar miliyan 42 ɗin a cire kashi 20, ya ba da miliyan 8.4, a ninka sau uku, ya zama miliyan 25.2. Ko a watan ƙarshe, lokacin da abin da ya rage a kanka bai taka kara ya karya ba, ana lissafa maka riba kamar har yanzu miliyan 42 ɗin na hannunka cif.

Akwai kuma lissafin saura. Nan ana ɗora riba ne a kan abin da ya rage kawai, kullum ka biya, tana raguwa. Da wannan hanyar aka bi a kan kashi 20 ɗin, da kuɗin wata ya kama wajen naira miliyan 1.56, ribar duka ta tsaya wajen miliyan 14.2.

Kun ga bambancin: miliyan 11 tsakanin takardu biyu da kowace ke cewa "kashi 20". In aka juya fulat ɗin nan tamu zuwa lissafin saura, tana kama kusan kashi 34 a shekara. Saboda haka in kana gwada tayin wurare biyu, kada ka gwada kason da suka rubuta. Ka gwada kuɗin wata da jimillar ƙarshe, a kan kafin alƙalami iri ɗaya da watanni iri ɗaya.

Ka kuma tambaya: kuɗin watan nan tsayayye ne ko yana motsi? Wasu yarjejeniyoyin sun ba kamfani damar ƙara shi in kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa. Wasu sun ɗaure shi da dala. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024 ya san abin da wannan layi ɗaya zai iya yi wa mutum. Mu da naira muke sayar da shanu, da naira ya kamata mu ci bashi.

Kuɗaɗen gefe: wanne ne dole, wanne ake tayawa?

Harajin VAT na gwamnati ne, kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020. Ba a ciniki a kansa. Abin tambaya shi ne ko yana cikin farashin motar da aka faɗa maka ko sai an zo biya za a ɗora. A kan miliyan 60, wannan kaɗai miliyan 4.5 ne. A sa a rubuta "har da VAT" a gaban farashin.

Kuɗin gudanarwa. Ƙa'idar cajin kuɗi ta Babban Banki da ta fara aiki a Janairun 2020 ta ce banki ba zai karɓi fiye da kashi 1 cikin 100 na bashin ba, sau ɗaya tak, kuma wannan ya haɗa da dubawa da tantance takardun neman bashin. To in mai ba da kuɗin yana ƙarƙashin Babban Banki, ganin "kuɗin gudanarwa" da "kuɗin duba takardu" a jere abin tsayawa a yi tambaya ne. Mu da muka tambaya, nan take aka ce za a iya cire ɗaya. Abin da aka cire da tambaya ɗaya, ka san da ma ba dole ba ne.

Rajista da lamba. Ofishin jiha ne ke karɓa kuma yana ba da rasit. Ka nemi rasit ɗin, sai ka ga nawa ne na hukuma, nawa ne la'adar wanda ya je.

Tiraka. Kusan duk mai ba da mota bashi sai ya sa ta, don kare dukiyarsa. Ka tambayi ko akwai kuɗin sabuntawa duk shekara, sannan ka yi tambayar da ta fi muhimmanci: za su iya kashe injin daga ofis? In za su iya, a rubuta cewa sai an sanar da kai tukuna. Ka yi tunanin motarka ta mutu da magariba a dajin da ke tsakanin Mokwa da Tegina da iyali a ciki, saboda alat ya makara da kwana biyu.

Kuɗin kai mota da na lauya, duk ana tayawa. Kuɗin ƙarshe kuwa a rubuta shi da adadi. Kada ka yarda da "farashin kasuwa na wannan lokaci", wannan cinikin biri a sama ne.

Inshora

Mai ba da mota ba zai yarda da ƙaramar inshorar nan ta naira 15,000 ba, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai. Cikakkiya zai ce. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Shi ya sa muka ga miliyan 3 a kan miliyan 60. Amma ga abubuwan dubawa:

Shin a shekara ta biyu da ta uku za a sake kimanta motar, ko za a ci gaba da cajin miliyan 3 ido rufe?

Ambaliya tana ciki? Sau da yawa ba ta ciki sai an biya ƙari. Mu mutanen fadamar Haɗeja da Nguru ba sai an ba mu labari ba. Mun ga abin da ruwa ya yi a Gashuwa da ƙauyukanta a 2022. Mazauna Legas da Fatakwal su ma sun san yadda titi ke komawa kogi.

Tarzoma tana ciki? Ita ma yawanci da ƙarin kuɗinta. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 ba zai raina wannan layi ba.

In an sace motar ko ta lalace gaba ɗaya, wa za a biya? Kamfanin ne zai fara ɗaukar nasa. In kuɗin inshorar bai kai bashin ba, kai za ka cika, alhali ba mota. In ya yi rara, ya kamata a rubuta cewa naka ne.

In kana son takaful maimakon inshorar da aka saba, ka faɗa tun farko, akwai kamfanoninsa irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ko wacce ka yi, ka duba lambar motar a rumbun NIID ka tabbatar an yi rajistarta da gaske, don takardun bogi sun yi yawa.

Ita kanta motar

Ba wanda ke sayen sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙori ba. Mota ma tana da haƙoranta.

Lambar jikin mota mai harufa da lambobi 17 ta zama iri ɗaya a jikin motar, a takardar kwastan da a yarjejeniya. A tabbatar an biya kuɗin fito cikakke, don in kwastan suka tare ka a hanya, kai za a sauke, ba dila ba. A jikin ƙofar direba akwai tambarin da ke nuna wata da shekarar da aka ƙera motar. A jikin taya kuma akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Motar da ta shekara biyu a tsaye a rana sabuwa ce a suna, amma batir da tayoyinta sun fara tsufa, kuma ya kamata farashinta ya nuna haka.

Sai garanti. Wa ya ba da shi, wakilin kamfanin da ya ƙera motar ko dilan da ya shigo da ita da kansa? Shekara nawa ko kilomita nawa? Kuma ina za a riƙa yin sabis? Yawanci in bakaniken unguwa ya taɓa injin, garanti ya faɗi. A takardarmu wuri mafi kusa da suka amince da shi Kano ne. Wato duk juyen mai sai an tashi daga Gashuwa an bi ta Nguru da Haɗeja, yini guda da man tafiya da dawowa. Wannan ma kuɗi ne, ko da ba ya cikin takarda. Ko Toyota ce, ko Hyundai, ko GAC, ko Innoson da ake haɗawa a Nnewi, ka fara tambayar bakanikenka ko ana samun kayan gyaranta a inda kake zaune.

In hayar da ake mayarwa ce, akwai iyakar tafiya. A ce an ba ka kilomita 20,000 a shekara. Daga Gashuwa zuwa Legas wajen kilomita 1,300 ne. Wanda ke zuwa ya dawo sau ɗaya a wata ya haura 31,000, kuma duk kilomitar da ta ɗoru akwai tararta. Ka duba kuma ko an hana fita da motar ƙasar waje, don mu nan Machina ce kawai tsakaninmu da Nijar, kuma akwai mai zuwa Kwatano daga Legas. Haka nan ko an hana wani ya tuƙa ta, ko ɗaukar kaya da fasinja.

In biya ya gagara fa?

Wannan shafi shi ne mutane ba sa son karantawa, kuma shi ne ya kamata a fara da shi. Sana'armu ba albashi ba ce. Gab da babbar sallah kuɗi na shigowa, da damina kasuwa ta yi sanyi, wani lokaci mahauta su riƙe maka kuɗi wata biyu. Ita kuwa takarda ba ta san damina ba.

Ka nemi amsar waɗannan a rubuce: kwana nawa ake ɗaga ƙafa? Nawa ne tarar makara? A ƙa'idar Babban Banki, tarar banki ba ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na abin da aka kasa biya. Bayan wata nawa za su ɗauki mota? In sun sayar da ita, ina labarin kuɗin da ka riga ka zuba? In kuma Allah ya buɗa ka so ka biya duka da wuri, za a rage maka riba ko sai ka biya ta wata 36 cur?

Dokar Hire Purchase ta 1965 ta ba mai karɓar mota wata kariya. Dole a sanar da shi farashin nan take a rubuce, a kuma ba shi kwafin yarjejeniyar cikin kwana 14. In ya biya kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin, mai mota ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu, sai dai in biya uku sun taru a kansa, mai motar zai iya ɗauke ta ya adana kafin kotu ta yanke hukunci. A lissafinmu, sai mun yi wajen wata 18 muna biya kafin mu kai wannan matsayi. Amma fa wannan kariya ta wannan nau'in yarjejeniya ce. In takardarka ta haya ce zalla, wata doka ce daban ke kula da ita, ta 2015, wadda ta ce a rubuta yarjejeniyar a kuma yi mata rajista. Shi ya sa na ce sunan takarda ba wasa ba ne. Ka biya lauyanka na kanka ya karanta maka. Lauyan da aka caje ka kuɗinsa a takarda, nasu ne.

Abu biyu kuma da suka shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Na farko, cek na gaba da ake sa mutum ya rubuta. A dokar 1977, ba da cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara biyu. Na biyu, tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda in ka sa hannu a kansa banki zai iya cire bashinsa daga duk wani asusunka da ke haɗe da BVN ɗinka, ko a wane banki yake. Dillalin da kuɗin masu shanu ke kwana a asusunsa ya yi tunani sosai a nan. Na'ura ba ta san kuɗin amana ba. Haka wanda za a ce ya tsaya maka: ka gaya masa gaskiya cewa in ka gaza, shi za a bi.

Maganar halal

Yawancinmu ba ma son mu kusanci riba, kuma sa wa takarda suna da Larabci ba shi ke wanke ta ba. A murabaha, sai banki ya mallaki motar kafin ya sayar maka, kuma farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa don ka makara. A ijara, tunda motar tasu ce, nauyin mallaka yana kansu, kuma haya ba ta fara hawa sai an damƙa maka motar. Tarar makara a irin waɗannan bankuna sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribarsu. Ka kai takardar wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki. Sannan ka sani, halal ba ta nufin araha. Ita ma sai ka haɗa jimillarta ka gwada da sauran.

A taƙaice, kafin ka ɗauki biro

Ka karɓi tayi a rubuce daga wuri uku aƙalla, kowanne da ranar da zai daina aiki. Ka tafi da takardar gida, kada ka sa hannu ranar da aka ba ka. Ka duba rajistar kamfanin a CAC. Kada ka tura ko sisi asusun ma'aikaci, sai na kamfani, da rasit. Ka sa a rubuta cewa in ciniki bai faɗa ba za a mayar maka da kafin alƙalaminka. Duk alƙawarin baki, a sa shi a takarda. Kada ka bar gurbi ko ɗaya babu rubutu. Ka auna kuɗin wata da watan da kasuwa ta fi mutuwa, ba da watan sallah ba, ka kuma ɗora mai da sabis a kai, don tun cire tallafi a Mayun 2023 tankin jif ba ƙaramin abu ba ne. In an cuce ka, banki ana fara kai ƙara wurinsa sannan sashen kare masu hulɗa na Babban Banki, dila kuma hukumar FCCPC.

Ba ina cewa tsarin ba shi da amfani ba ne. Wanda ke da shigar kuɗi tsayayyiya duk wata, ko wanda miliyan 42 ɗin nan in ta zauna a kasuwarsa za ta haifar masa abin da ya fi miliyan 37 cikin shekara uku, yana iya cin riba da shi. Lissafi ne zai raba gardama, ba ƙamshin sabuwar kujera ba.

Mu dai da muka koma, an cire mana kuɗin duba takardu, an rage na kai mota, amma fulat ɗin nan aka ce ba ta taɓuwa. Baba ya ninke takardar ya miƙa wa ma'aikacin, ya ce masa: "Albarka, ɗana." Bayan wata biyu ya sayi tokumbo mai lafiya, kuɗi hannu, bayan bakanikenmu ya shiga ƙarƙashinta ya fito. Ita muke shiga Dagona da ita yanzu, sauran kuɗin kuma suna kara suna juyawa.

Allah ya ba mu halaliyarmu, ya tsare mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya kai matafiya gida lafiya.